Ranar da Gidan Indo Ya Tsallaka Titi

Jan fentin da masu aikin hanya suka shafa ya bi ta tsakiyar matakalar gidanmu, ya hau, ya ratsa ta ƙarƙashin tagar da mahaifiyata take zama. Wato idan aka bi layinsu, ɗakin gaba na gwamnati ne, kicin kawai aka bar mana.

Ni ne La Sakka, mai facin taya a bakin babban titin da ya taso daga Makassar ya miƙe arewa. Shekara talatin ina cin abinci da ramukan titin nan, don haka ranar da aka ce za a faɗaɗa shi a zuba masa kankare, ni kaɗai ne a ƙauyenmu ban yi tafi ba. Amma ba sana'ata ce ta fi damuna ba, gidan ne.

Gidan katako ne a kan dogayen ginshiƙai ashirin, irin na kowa. Bambancinsa ɗaya, mahaifina ne ya sassaƙa shi da hannunsa tun kafin a haife ni, kuma babu ƙusa ko ɗaya a ginshiƙansa. Kowane katako huda shi aka yi aka zura ɗan'uwansa. Mahaifiyata, wadda kowa yake kira Indo Sakka, wato uwar Sakka, ta shekara hamsin da biyar a cikinsa, kuma tun rasuwar mahaifina ba ta yarda a canja ko marfin taga ba.

Maƙwabta duk sun ja da baya, wasu sun warware nasu. Mu kaɗai muka rage. Ranar Litinin sai ga injiniyan aikin, Pak Wiyono, wani siririn mutumin tsibirin Jawa mai ladabin da har yakan ba mutum haushi. Ya cire hular kwanonsa a gindin matakala ya ɗaga kai.

"Indo, ki yi haƙuri, ba ni na ja layin nan ba. Asabar da safe katafila za ta iso nan, ita kuwa ba ta san gida ba."

"To ta zo mana," in ji Indo daga taga. "Za ta same ni a ciki ina shan kofi. Ka dai ce wa direban ya cire takalminsa kafin ya hau."

Bayan ya tafi na hau na same ta. Muna da gonar ayaba ta mahaifina a tsallaken titi, tafiyar taku ɗari biyu. Na ce mu warware gidan mu kwashe katakon, a sake haɗa shi a can da ƙusa da sabon kwano, kwana uku an gama.

"Katakon da ya shekara hamsin a rungume da ɗan'uwansa za ka raba, ka ce su koma yadda suke? Kai faci ka iya, Sakka, tsaya a facinka."

Na je na ɗauko Puang Tahang, tsohon kafintan da shi yake ba da umarni duk ranar da za a ɗauki gida a ƙauyenmu, da fatan zai goyi bayana. Ya zagaya ƙarƙashin gidan, ya ƙwanƙwasa nan, ya shinshina can. Ya ce gaskiyar Indo ce. Idan aka zare katakon nan, bakunansu za su marmashe, ba mai sake haɗa su. Ko dai a ɗauke shi ɗungurungum a kafaɗa, ko kuwa ya zama itacen girki.

"Mutum nawa, Puang?"

"Ɗari da ashirin. Masu baya," ya ƙara, yana kallona ta saman tabarau.

A nan dole in faɗi abin da ba na son faɗa. Shekara goma sha biyu da suka wuce, wata Juma'a da za a ɗauki gidan wani maƙwabci, wata bas ta tsaya a rumfata da tayoyi huɗu a sace. Na aika cewa bayana ya riƙe. Abin ya yi mini daɗi, shi kenan ciwon ya samu wurin zama. Duk Juma'ar da liman ya yi shelar ɗaukar gida, sai ciwon bayan nan ya motsa tun kafin a yi sallama. Amma da an sauke gida an fara zuba miya, za ka gan ni na lallaɓo ina dafe da ƙugu. Babu wanda ya taɓa ce mini uffan, ni kuma na ɗauka ba a gane ba.

Ba wannan kaɗai ba ne. Samarin ƙauyenmu sun watse, rabi suna gonakin manja a Malesiya, rabi a Kalimantan. Abin da ya rage tsofaffi ne da irina.

Ranar Alhamis aka yini ana ɗaure gora a ƙarƙashin gidan, a tsaye da a kwance, don kowa ya sami inda zai sa kafaɗa. Aka kwashe kwanuka da madubi, aka ɗaure kabad da gado a jikin ginshiƙai. A gonar ayaba aka share fili aka jera duwatsun da ginshiƙan za su zauna a kai. Indo kuwa ta tara matan unguwa, da matata Murni a gaba, suka hau girki kamar za a aurar da 'yar sarkin gari: ayaba da ƙwai da madarar kwakwa a naɗe cikin ganye, da 'yan dunƙulen garin shinkafa masu sukari a ciki, da manyan tukwane uku na miyar naman sa. Al'adar kenan. Kafin a ɗaga a ci zaƙi don kayan su yi sauƙi, bayan an sauke a sha miya. Wanda kuwa ya kai zaƙin ɗaukar gida bakinsa, ya riga ya ba da kafaɗarsa, ba ya juyawa.

"Indo, wannan girkin na mutum nawa ne?"

"Ɗari da hamsin."

"Daga maƙabarta za ki gayyato su? Wallahi in muka sami hamsin mun gode Allah."

"Kai dai je ka lallaɓa bayanka," in ji ta, ba ta ko ɗago kai ba.

Juma'a liman ya yi shela. Mutum arba'in da uku suka biyo mu daga masallaci, na ƙirga su sau biyu ko za su ƙaru. Mai ƙuruciyar cikinsu yana da furfura. Aka kawo faranti biyu kacal na zaƙi suka ci, ragowar Indo ta sa aka lulluɓe a ƙarƙashin mangwaro. Wani ya tambaye ni yaya jiki, wani ya ce in nemi inuwa kada rana ta taɓa ciwon. Na yi yaƙe. Da na ce na warke a ranar, ai na tona wa kaina asirin shekara goma sha biyu, don haka na ɗauki wani jan ƙyalle na ce ni zan riƙa nuna hanya.

Sai kuma Indo ta ce ba za ta sauko ba.

"Indo Sakka, ki rufa mana asiri," in ji Puang Tahang. "Kin ga mutanen da muke da su."

"Nauyin me gare ni, Puang? Kaza ta fi ni. A gidan nan aka kawo ni, a cikinsa zan tsallaka."

Titin a lokacin hannu ɗaya ake bi. Ɓangaren da ke kusa da mu tsohuwar kwalta ce, ɗayan kuwa sabon kankare ne da ya ɗara ta tsawo da kusan gwiwa. Masu tuta suna tsayar da motocin kudu su saki na arewa, sannan su juya. Pak Wiyono ya yarda zai tsayar mana da duka biyun na minti ashirin, ya sa aka jingina mana katakai don hawa kankaren.

Puang Tahang ya hau kan wani buhun yashi ya yi bisimilla, ya daka tsawa. Gidan ya yi ƙara, ya ɗaga kamar kamu ɗaya. Haka aka riƙa tafiya, taku biyar a ajiye, taku huɗu a ajiye, tsofaffi suna nishi suna kiran sunan Allah. Daga wurinmu zuwa titi gangare ne, shi ya taimaka. Da ƙyar gidan ya hau kwalta. Ginshiƙan gaba suka taka katakan hawa, suka kai rabi, sai ƙarfi ya ƙare. Aka sake gwadawa sau uku. A na ukun wani dattijo ya zauna daɓas a ƙasa ya ce a kira masa matarsa su yi sallama.

Ga gida dai a tsakiyar babban titin ƙasa, ya tare hannu biyu, labulensa yana kaɗawa.

Minti ashirin suka wuce, suka zama arba'in. Layin motoci ta kudu ya kai gada, ta arewa ba a ganin ƙarshensa. Bas-bas, tireloli, motocin shinkafa, wata a-kori-kura ta kifi da ƙanƙararta take narkewa tana zuba a kwalta. Kowa ya danne oda. Wani ƙaton direban motar siminti, da daga baya na ji ana kiransa Daeng Rewa, ya leƙo da rabin jikinsa ta taga.

"Kai mai jan ƙyalle! Gidan ubanka ne titin? In haya kuka kama a nan ku faɗa mana mu kawo katifa!"

Pak Wiyono ya ja ni gefe, wayarsa tana ta ruri a hannu. Ladabin nan nasa yana nan. Ya ce manyansa sun kira, ba zai iya rufe titi fiye da haka ba. Nan da minti goma zai sa katafila ta ɗaura wa gidan sarƙa ta janye shi gefe.

"Pak, in aka ja shi da sarƙa ai ginshiƙan karyewa za su yi."

"Na sani," in ji shi a hankali.

Tsoro ya kama ni sosai, irin wanda ban taɓa ji ba. Na dubi gidan, na ga inda mahaifina yake zama yana gyaran komar kamun kifi, na ga mahaifiyata a taga ƙanƙanuwa. Na ji kunya kuma, domin na san da ina zuwa wa mutane, da yau wasu sun taso ko daga ƙauyukan maƙwabta ne. Ina tsaye riƙe da jan ƙyalle kamar wawa.

Indo kuwa ko a jikinta. Ta leƙo, ta dubi layin kudu, ta dubi na arewa, kamar mai duba ko shinkafa ta nuna.

"Murni! Ku buɗe farantan."

Mata kusan ashirin suka fito daga ƙarƙashin mangwaro da faranti a ka, suka rabu biyu, suka bi layin motoci. Tun da aka rushe rumfunan bakin hanya babu mai sayar da ko ruwa a wurin, ga rana, ga mutane sun fito tun safe. Hannuwa suka riƙa fitowa ta tagogi. Odar ma ta lafa, don baki a cike ba ya zagi, hannu a cike ba ya danna komai.

Ina kusa lokacin da Murni ta isa motar siminti. Daeng Rewa ya ɗauki naɗin ayaba biyu, ya warware ɗaya ya tura a baki gaba ɗaya, ya shiga lalube aljihu.

"Nawa ne, ƙanwata?"

"Ba na sayarwa ba ne, Daeng," in ji Murni. "Na ɗaukar gida ne."

Ya daina tauna. Ya dubi ganyen da ke hannunsa, ya dubi gidan, ya dubi tsohuwar da ke taga tana yi masa murmushi da haƙoranta uku. Sai ya fashe da dariya har yana dukan sitiyari.

"Kai! Tsohuwar nan ta ɗaure mu da ganyen ayaba!" Ya diro ƙasa, ya juya wajen layin ya buɗe murya. "Duk wanda ya ci ya sauko! Kai mai kifi, na gan ka, har uku ka ɗauka! Sauko, kada uwarka ta ji labari!"

Ashe kowa ya san abin, ko ɗan birni ne ya san kakarsa ta sani. Ƙofofi suka riƙa buɗewa. Direbobi, 'yan kamasho, ɗalibai, wasu sojoji huɗu da za su hutu, 'yan rakiyar wani ango da rigunansu masu ƙyalli, wani mai kwat da ya naɗe wandonsa ya miƙa wa matarsa takalmi. Leburorin hanya ma, da yake 'yan yankinmu ne, suka ajiye shebur suna lashe yatsu. Wasu suna dariya, wasu suna ƙunƙuni, amma babu wanda ya ci ya zauna.

Pak Wiyono yana gefe yana goge baki, don shi ma faranti ya bi ta gabansa. Puang Tahang ya yafito shi.

"Pak, ga wurinka can, kusa da mai kifi."

"Ni? Puang, mu a Jawa ba mu da wannan dokar."

"Nan ba Jawa ba ne. Cikinka ya riga ya sa hannu."

Pak Wiyono ya kashe wayar ya jefa a aljihu, ya sunkuya ya shiga ƙarƙashin gora da hular kwanonsa.

Wannan karon da Puang Tahang ya daka tsawa, gidan tashi ya yi sama kamar kwando. Ya haye kankare, ya sauka ta ɗaya gefen, ana ihu ana sowa, ƙafafu fiye da ɗari uku suna tafiya a ƙarƙashinsa. Indo tana taga tana ba da umarni kamar ita ce direba: a yi dama, a kula da bishiyar gwanda, wancan mai jar riga ba ya ɗaukar komai, tana ganinsa. Ni kuma ina gaba ina kaɗa ƙyallena, ba mai kallona.

Aka shiga gonar ayaba, aka daidaita ginshiƙai a kan duwatsu. Puang Tahang ya ɗaga hannu zai ce a sauke, sai muryar Indo ta tsaga wurin.

"Kada ku sauke! Ina dutsen cibiya?"

Ginshiƙin tsakiya shi ne cibiyar gida, kuma namu a kan wani baƙin dutse yake zaune tun farko. Na leƙa ƙasa. Duwatsu goma sha tara ne a jere, gurbin tsakiya babu komai. Dutsen yana can tsallaken titi inda muka baro shi.

"Indo, a sa wani mana, ga duwatsu nan!" in ji wani daga ƙasa. "Kafaɗa ta mutu!"

"Cibiyar gidan nan ba ta zama a kan baƙon dutse. Ku riƙe."

Kowane namiji a wurin yana ƙarƙashin gida da gora a wuya, Puang Tahang kuwa ya haura saba'in. Mutum ɗaya ne kafaɗarsa take a sake. Na ga kawuna suna juyowa ɗaya bayan ɗaya.

"Sakka," in ji Indo, ba da ƙarfi ba, "ubanka shi kaɗai ya ɗauko shi daga kogi."

"Bayansa fa, Indo!" wani tsoho ya ce, muryarsa tana rawa don nauyi da dariya. "Kada ki kashe mana majinyaci!"

Na yar da ƙyallen na ruga. Na tsallaka titi ta tsakanin motocin da babu direbobi a cikinsu, na sami dutsen a tsakiyar filin da ya zama kango. Nauyinsa ya kai na tayar tirela da ƙarfenta, irin wadda nake juyawa kullum idan ba Juma'a ba ce. Na durƙusa na rungume shi na miƙe. A saman dutsen akwai ɗan kwarmi inda ginshiƙi ya ci shi shekara da shekaru, na sa haɓata a wurin. Ban san lokacin da hawaye suka zo mini ba, na dai bar su a matsayin gumi.

Da na hau kankare da shi, matan bas suka fara tafi. Daga ƙarƙashin gida kuwa abin da nake ji kawai shi ne, "Ya warke! Jama'a, La Sakka ya warke!" Daeng Rewa, da bai san tarihin ba, shi ya fi kowa ihu. Na kutsa ta tsakanin ƙafafu, na dire dutsen a gurbinsa, na juya shi har kwarmin ya dubi ƙafar ginshiƙi. Puang Tahang ya sauke hannu.

Gidan ya zauna da wata 'yar ƙara guda ɗaya. Kowa ya ɗaga kai wajen taga. Indo ta jawo marfin taga ta rufe, ta buɗe, ta sake rufewa. Ya shiga daidai, bai cije ba.

"To, a zuba miya," in ji ta.

A tsaye aka sha, don masu tuta sun fara busa usur. Tukwane uku suka ƙare tas. Pak Wiyono ya sha kwano biyu yana murza kafaɗa, ya ce zai rubuta wa manyansa cewa wani babban kaya ne ya tare hanya, kuma ba ƙarya ya yi ba. Daeng Rewa ya leƙa taga ya ce wa Indo daga yau ko ruwa aka miƙo masa a hanyar nan sai ya tambayi dalili. Cikin rabin sa'a titi ya koma yadda yake.

Asabar da safe katafila ta iso. Ba ta sami komai ba sai tsofaffin duwatsu da wata tsintsiya, ta shafe wurin kafin kofi ya huce. Muna kallo daga sabon wurinmu, ni ina kwance rub da ciki a gindin taga, domin a ranar bayana ya riƙe da gaske, kuma babu mahalukin da zai yarda. Indo tana shafa mini man kwakwa da 'yan yatsunta masu ƙarfi kamar filaya.

Na tambaye ta yadda aka yi ta san za a sami mutane.

"Wata huɗu ina zaune a taga ina kallon aikin nan. Duk Juma'a bayan an sauko, layi sai ya kai gada. Kai kana ganin tayoyi, ni ina ganin kafaɗu."

"Dutsen fa? Yaya Puang Tahang da kansa zai manta da dutsen cibiya?"

Ta murza wurin da ya fi ciwo.

"Bai manta ba. Ni na ce ya bar shi."

Na yunƙura zan juyo, ta danne ni.

"Shekara goma sha biyu ina jin kunyar bayan nan naka, Sakka. Gidan ubanka zai tsallaka a kafaɗun baƙi, na yarda, na gode musu. Amma ban yarda ya zauna babu hannun ɗansa a ƙarƙashinsa ba."

Na kifa fuskata a kan katakon da mahaifina ya fere. Ta ƙara zuba mai a tafin hannunta, ta ce in daina motsi.